Gargaɗi ga masu tace fim na Jos: hattara da mai kwamfutar da ake hana haɗa ta da intanet

Assalamu alaikum 'yan uwa masu tace fim, masu ɗaukar biki da masu haɗa talla, musamman na cikin Jos da Bukuru. Akwai wani mutum da ke yawo da talla a Facebook da zaurukan WhatsApp na 'yan fim, yana cewa yana da shago a Wuse, Abuja, yana sayar da abin da ya kira cikakken saiti na siddabarun fim: kwamfutar tebur mai katin girafik (na'urar da ke sarrafa hoto) RTX 3060, ram 32GB, ma'ajiyar SSD mai 2TB, an kuma zuba mata manhajojin After Effects da Nuke da lasisin har abada. Macuci ne. Ɗan yayata ya faɗa hannunsa a watan jiya, naira miliyan 1 da dubu 350 suka tafi. Na fi shekara goma ina tace fim ina kuma gyaran kwamfutocin abokan sana'a, na ga cuta iri-iri, amma wannan ta ƙona mini rai fiye da kowacce, domin na san yadda yaron ya tara kuɗin.

Shekara uku yana ɗaukar biki da suna da walimar sauka. Ba ya sayen sutura sai da Sallah. Burinsa ya bar yanka-da-haɗawa ya koma aikin dasa hoto kan hoto, irin wanda ake tsayar da mutum gaban koren kyalle a cire kyallen a sa masa fada ko jeji a bayansa, a goge wayar wuta daga sararin sama, a ƙara hayaƙi da ruwan sama. Kowa ya san wannan fannin shi ne inda muke da ƙarancin hannu, duk da cewa garin nan ne ke da Cibiyar Koyar da Fim ta Ƙasa da Kwalejin Talabijin ta NTA da ke Rayfield. Yara suna fitowa da ilimi da zumuɗi, kayan aiki ne babu. Wannan ƙishirwar macucin ya gano.

Ga yadda ya ja shi. Da yaron ya tura saƙo, nan take mutumin ya kira shi ta bidiyo. Ya nuna masa shago cike da kaya, ya kunna wata baƙar kwamfuta mai gilashi a gefe, fankoki suna juyawa da fitilu, ya buɗe manhajar tace fim ta DaVinci Resolve ya ja hoton 4K mai nauyi yana tafiya sumul. Wannan kwamfutar ta gaskiya ce, sai dai ba ita aka aiko ba. Bakinsa kuma kamar zuma: "Ƙanena, ai mu 'yan Arewa sai mun riƙe juna. Wallahi don na ga kai mai nema ne, da wani ne ba zan bar ta haka ba." Ya ce a tura rabi a ɗaure kaya, a cika sauran in direba ya kira daga tasha. Sunan da ke kan asusun ba nasa ba ne, ya ce na yaron shagonsa ne. Direba ya kira, aka cika kuɗi, kwali ya iso Jos da yamma an naɗe shi da salatif kamar gawa.

Tare da kwalin akwai sharaɗi guda, wanda ya maimaita har sau uku a saƙon murya: kada a kuskura a haɗa kwamfutar da intanet, kada a sabunta direban katin girafik, wato manhajar da ke tafiyar da katin, in an yi haka lasisi zai lalace kuma babu ruwansa da garanti. Duk damfarar a cikin wannan maganar take kwance. Ina roƙon duk wanda ya karanta wannan ya riƙe ta. Mai kaya na gaskiya ba ya tsoron intanet, domin da ita ake tabbatar da lasisi, da ita ake sauko da direba daga shafin kamfani. Wanda ya hana ka haɗawa, akwai abin da ba ya so kwamfutar ta faɗa maka.

Mu fara da manhajar. Babu wani abu wai shi lasisin After Effects na har abada a yau. Tun 2013 kamfanin Adobe ya koma tsarin biyan wata-wata ko shekara-shekara, CS6 na 2012 shi ne na ƙarshe da aka sayar a saya sau ɗaya. Lasisin kuma yana rataye ne da asusunka na imel, kai za ka shiga da kanka, ba a zuba maka shi daga filashi. Nuke kuwa na kamfanin Foundry ne da ke Landan, shi manyan kamfanonin siddabarun fim na duniya suke aiki da shi, kuma cikakkensa dubban daloli ne a shekara. Kuɗin lasisin Nuke kaɗai ya ninka kuɗin kwamfutar gaba ɗaya. To ta yaya za a ba ka shi gyara, kamar mai sayen gyaɗa? Abin da ya zuba fasasshiyar manhaja ce, wato satacciya, irin wadda ake kwasowa kyauta a lungunan intanet. Da na duba, na tarar an kashe Windows Defender, manhajar da ke kare kwamfuta daga ƙwayoyin cuta, gaba ɗaya. Irin waɗannan fasassun manhajoji su ne babbar hanyar da ake cusa ƙwayar da ke sace kalmomin sirri daga burauza, a wayi gari an ƙwace wa mutum shafinsa na YouTube ko Facebook da ya yi shekaru yana ginawa. Allah Ya taimake mu yaron bai shiga asusunsa ko ɗaya a kanta ba.

Sati biyu yana fama shi kaɗai, kunya ta hana shi gaya mini. After Effects yana buɗewa, amma hoton daƙiƙa goma sai ya ci rabin awa. Resolve kuwa ko buɗewa ba ya yi. In ya kira mutumin sai ya ce wutar Jos ce ba ta da ƙarfi, ya sayi sitabilaiza. Ya saya. Ranar da abin ya kai masa iya wuya ya ɗauko ta a Keke Napep ya kawo mini, ya ce, "Kawu, don Allah duba mini, ina jin ni ne ban iya saitawa ba."

Ban ma kunna ta ba na ga abin. Na juya bayanta, sai ga shuɗin ramin VGA, irin na tsohon yayi da ake haɗa allo da shi, mai huji 15 a jikin katin da aka rubuta wa RTX 3060 da manyan baƙaƙe. Gabana ya faɗi. Babu katin RTX da ke da ramin VGA, HDMI da DisplayPort ake samu a jikinsu. Na kunna, Windows ta rubuta RTX 3060 ɓaro-ɓaro, domin sunan da aka cusa wa katin shi take karantowa, ba ta san ƙarya ba. Na sa GPU-Z, wata 'yar ƙaramar manhaja ta kyauta daga TechPowerUp da ke nuna bayanan katin girafik. RTX 3060 na gaske yana da ƙwayoyin aiki 3584 da ma'ajiya 12GB. Wannan ya nuna 192. Na kwance sukurori huɗu, na ɗaga fankar, na goge busasshen man da ke kan guntun da shi ne ƙwaƙwalwar katin da auduga. A jikinsa an rubuta GF106. Na ainihin galibi GA106 ne. Harafi ɗaya ne tsakaninsu a ido, amma shekara goma ce da ɗoriya a aiki: GF106 guntun GTS 450 ne, katin 2010, shi kuwa RTX 3060 a 2021 ya fito. Tun 2018 Nvidia, kamfanin da ke ƙera guntayen, ta daina yi wa wancan tsohon jerin sabon direba. Da yaron ya sauko da direban RTX na gaske ranar farko, da a ranar asiri ya tonu. Ka ga dalilin sharaɗin.

Yaron yana tsaye a kaina, bai ce uffan ba. Sai da na ɗago na ga yana share ido da hannun riga.

Abin da ya fi ciwo yana gaba. SSD ɗin da aka ce 2TB ne, Windows ma haka ta nuna. Na sa masa H2testw, manhajar da ke cika ma'ajiya da bayanai sannan ta karanto su ta ga ko suna nan. Bai wuce 120GB ba ya fara zubar da kaya. An yi wa ƙwaƙwalwarsa rufa-rufa ne ya riƙa faɗin girman da ba shi da shi. Sharrin irin wannan shi ne ba ya ce maka ya cika. Kana ta kwafa yana ta karɓa, sunan fayil yana nan, girmansa yana nan, sai ranar da ka zo buɗewa ka tarar babu komai a ciki. Yaron ya juye hotunan wani biki na kwana uku a kai, kamu da ɗaurin aure da kai amarya, ya goge katin kyamara ya tafi wani aikin. Na kwana biyu ina ƙoƙarin ceto su, ranar farko kaɗai ta dawo. Kuɗi ana iya sake nema, amma ba a sake ɗaura aure don mai kyamara. Ni na raka shi gidan mutanen muka ba da haƙuri, kuma ba na fatan ko maƙiyina ya yi irin zaman da muka yi a wannan zauren. Ram ɗin ma 16GB ne, ba 32 ba, wannan ko a lissafin ɓarna ban sa shi ba.

Muka kama hanyar Abuja da asuba, ta Akwanga da Keffi. Mun sami filazar a Wuse, mun sami shagon da aka nuna a bidiyo, har baƙar kwamfutar tana nan kan tebur. Mai shagon dattijo ne, ya saurare mu har ƙarshe, ya ce, "Alhaji, wannan ba yarona ba ne. Ɗan kamasho ne, yakan kawo mai saye in ba shi na goro. Ya fi wata ban sa shi a ido ba, kuma ba ku ne na farko da kuka zo ba." Lambar macucin a kashe. Ya yi layar zana. Ban ɗora wa mai shagon laifi ba, kasuwar kwamfuta haka take, kowa na iya tsayawa gaban kayan wani ya ɗaga waya. Mun kai ƙara wurin 'yan sanda, mun rubuta wa banki, mun ajiye rasit ɗin tura kuɗi da saƙonnin murya da hoton tallar. Duk wanda abin ya shafa ya yi haka da gaggawa, kada ya tsaya jin kunya kamar yadda namu ya yi sati biyu, domin kuɗin da ya kwana a asusun ɗan damfara ba ya jiran kowa. A Abuja akwai cibiyar 'yan sanda ta yaƙi da laifukan intanet, akwai EFCC, akwai kuma FCCPC mai kare haƙƙin masu saye.

Wanda zai sayi kwamfutar wannan aiki, ya taka da ƙafarsa, ko ya tura wanda ya san kan abin. Kuɗin motar Abuja bai kai kashi ɗaya cikin hamsin na abin da muka rasa ba. Ka tafi da filashinka mai GPU-Z da H2testw da CrystalDiskInfo, wanda zai gaya maka awa nawa ma'ajiyar ta yi tana aiki. Ka haɗa ta da intanet ɗin wayarka a gaban mai kaya, ka sauko da direba daga shafin Nvidia, ka ɗora hotonka na kanka ka fitar da aiki na minti goma kana kallon zafin katin. Ko katin na gaske ne a duba lafiyarsa, domin tun da aka daina haƙo kuɗin intanet na Ethereum da katin girafik a Satumban 2022 aka juye tsofaffin katunan da suka yi shekaru suna aiki dare da rana cikin kasuwar gwanjo. In ka gamsu, kada kwamfutar ta bar idonka da sunan za a shiga ciki a sa ta a kwali. Ka ɗauki hoton lambar jikin katin, a rubuta ta a rasit, sunan asusun da za ka tura wa kuɗi ya zama shi ne sunan da ke kan rasit ɗin. In an ce gwaji zai ɓata lokaci, ka yi sallama ka fita.

Abin da ya fi ba ni takaici, yaron bai ma buƙaci satacciyar manhaja ba. DaVinci Resolve na kamfanin Blackmagic Design kyauta ne, kuma tun 2018 aka saka Fusion a cikinsa, wanda ke cire koren kyalle, ya bi motsin kyamara, ya dasa hoto da tsarin ƙulli-ƙulli irin na Nuke. Mai son babbansa, Studio, dala 295 ne biya ɗaya. Blender, wata manhajar siddabarun hoto, kyauta ce. Shi kansa Nuke yana da na koyo wanda Foundry ke bayarwa kyauta, yana fitar da hoto har 1920 da 1080, sharaɗinsa kada a yi aikin kuɗi da shi. Da kuɗin nan aka zuba a ram 32GB na gaske, wanda shi Blackmagic ke nema ga mai aiki da Fusion, da kati mai lafiya ko da na hannu ne, da yanzu yaron yana kan aikinsa.

A yanzu yana zuwa shagona bayan Isha'i yana koyon Fusion a kan tawa kwamfutar, ya kuma koma ɗaukar biki yana biyan mutanen da hotonsu ya salwanta kaɗan-kaɗan. Katin bogin yana cikin durowata, duk mai son ganin yadda yake ya zo in nuna masa. Shekaranjiya wani abokin aiki daga Bukuru ya turo mini hoton wata sabuwar talla. An canza sunan shafi, an canza lambar waya, an rage dubu 50 a farashi. Hoton dai shi ne: baƙar kwamfuta mai gilashi a gefe, shuɗin labule a bayanta, a ƙasa an rubuta saura guda biyu.