Kafin ka biya kuɗin laftof, duba manhajar da kake aiki da ita

Manhajar da kake neman abinci da ita ce ke zaɓar maka na'ura. Mai zanen gini da Revit ba shi da zaɓi sai Windows, domin ba a yi ta don Mac ba. Mai haɗa bidiyo da ke fama da ɗauke wuta zai ji daɗin MacBook mai kwakwalwa (wato processor) M1 ko sama, wadda Apple ya fara fitarwa a 2020, saboda batirinta yakan kai wuni. Sai dai RAM ɗinta, wato ma'ajiyar da na'ura ke riƙe aikin da take kan yi, a liƙe yake, ba a ƙara shi daga baya, don haka a nemi mai 16GB tun farko. Linux, tsarin da ke maye gurbin Windows, irin su Ubuntu da Mint, kyauta ne kuma yana farfaɗo da tsohuwar na'ura, amma takardar Word mai tebura kan hargitse a LibreOffice, manhajar da ke maye gurbin Word a Linux.

Yawancin masu saye a Farm Centre ta Kano ko Banex a Abuja tokumbo suke ɗauka, kuma a nan ake yin kuskure. Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, shi kuwa Windows 11 yana buƙatar TPM 2.0, wani ɓangaren tsaro a cikin na'ura, kuma in kwakwalwar Intel ce, ta zama ta ƙarni na 8 ko sama. Lambar farko bayan "i5-" ko "i7-" ita ce ƙarnin, amma daga ƙarni na 10 zuwa sama lambobi biyu na farko ne. Mai shago zai yi ta kuranta i7-7500U, alhali i5-8250U ta fi ta: cibiya (core), wato sashen da ke yin aiki a kwakwalwar, huɗu gare ta, waccan biyu. ThinkPad T480, Latitude 7490 da EliteBook 840 G5 duk suna zuwa da ƙarni na 8, amma akwai masu na 7 a cikinsu, sai a duba lambar, kayan gyaransu kuma ba wuyar samu.

Ga aikin ofis, RAM mai 8GB da SSD, wato faifan ajiya mai sauri marar juyawa, mai 256GB sun wadatar. Mai tsohon faifai mai juyawa kuwa, ko an rage kuɗi, jira zai gajiyar da kai.

Kafin kuɗi su bar hannunka, in mai Windows ce, buɗe Command Prompt, tagar rubuta umarni, ka rubuta powercfg /batteryreport, ka kwatanta abin da batirin ke ɗauka yanzu da na asali. Shiga BIOS, shafin saitin na'ura da ake shiga lokacin kunna ta, ka tabbatar ba kalmar sirri. In MacBook ce, a cire asusun iCloud na tsohon mai ita a gabanka, in ba haka ba ranar da ta kulle ba mai buɗe maka. Sannan ka kunna bidiyo na minti goma ka saurari fanka, ka taɓa gindinta. In ta yi zafin da hannu ba zai jure ba, ƙura ta toshe ta ko man sanyaya kwakwalwar ya bushe, sai a rage maka kuɗin gyara.