Haddar hanya ko sanin gari: wanne za a koya wa ɗalibi idan manhaja ta sauya fuska?

Wata malama da ke koyar da masu larurar gani kwamfuta a Tudun Wada ta kawo tambaya. An mayar da kwamfutocin cibiyarsu daga Windows 10 zuwa Windows 11, tunda Microsoft ya janye tallafin na 10 ɗin a ranar 14 ga Oktoba 2025, sai ɗaliban da suka iya aiki suka koma kamar jiya suka fara. Ta ce shin ta zauna ta sake rubuta musu matakai, irin "danna Tab sau huɗu sai Enter", ko ta koya musu yadda za su binciki allon da kansu?

Malama, duka biyun koyarwa ce, amma ba abu ɗaya suke bar wa ɗalibi a hannu ba. Ta farko mu kira ta haddar hanya, ta biyu sanin gari. Wanda ya haddace taku nawa ne daga bakin titi zuwa rumfar mai gwanjonsa a Kasuwar Barci ta Kaduna, ranar da aka rushe kasuwar aka sake gini, ƙirgensa ya tashi aiki. Wanda kuwa yake gane layin teloli da ƙarar kekuna, ya san kuma yadda ake tambaya, zai sha wuya kwana biyu ya gano sabon wurin.

A satin farko hadda ce ke kan gaba, wannan ba musu. Ɗalibi ya zo bai taɓa riƙe kibod ba, kin ba shi matakai bakwai, kafin la'asar ya aika saƙon imel da hannunsa. Wannan daɗin da ya ji shi ke dawo da shi gobe. Mai koyon sanin gari a wannan satin yana nan yana fama da bambancin maɓalli da mahaɗi (link) da gurbin rubutu, bai aika komai ba, wani ma har ya fara cewa kwamfuta ba tasa ba ce. Saboda haka ba ma goyon bayan masu cewa a jefar da hadda gaba ɗaya.

Inda take karyewa shi ne ƙirga Tab. Madannin Tab yana bin abubuwan allo ne bisa jerin da mai gina manhajar ya tsara. Ya ƙara maɓalli guda a sama, ko sanarwa ta faɗo tana neman amincewa, duk abin da ke ƙasa ya matsa da ɗaya. Tab na huɗu da ke kai wa ga "aika" jiya, yau yana iya tsayawa kan "goge". Kuma ɗalibin da aka koya wa ƙirge yakan daina sauraro, domin hankalinsa na kan lissafi, muryar manhajar da ke karanta masa allo ta zama kamar rediyon maƙwabci. Sai ya danna Enter kafin ta gama faɗin inda yake. Ɓarnar ba ta tsaya a ɓata hanya ba, har aikin mutum takan ci.

Amma akwai haddar da ba ta ruɓewa da wuri, ita ce ta gajerun madannai. A File Explorer, wato manhajar duba fayiloli, na Windows 11 an cire dogon jerin umarnin da ke sama, an kuma taƙaita menu ɗin da ke fitowa kan fayil, har sai an shiga "Show more options" kafin a sami tsohon. Duk da haka F2 na nan yana sauya sunan fayil, Ctrl+Shift+N na buɗe sabon folda, Alt+Enter na kawo bayanan fayil. A Word ma, tun da aka watsar da tsoffin menu aka kawo ribon, wato faffaɗan jerin umarnin da ke saman taga, a Office 2007, Ctrl+S da Ctrl+B da Ctrl+E ba su motsa ba, F12 kuma har yau yana buɗe tsohon akwatin adana fayil kai tsaye ba tare da zagayen OneDrive ba. Ko su ɗin ba a rantsuwa a kansu: Windows+A da ke buɗe sanarwa a Windows 10 ya koma buɗe saitunan gaggawa a na 11, sanarwar ta koma Windows+N. Sai dai irin wannan sauyin jefi-jefi ne, layi ɗaya za ki gyara a takarda.

To, mene ne sanin garin a aikace? Ba cewa ɗalibi "je ka lalubo" ba ne. Tambayoyi ne ƙalilan da ake koya masa ya riƙa yi wa allo a jere, kowace da madanninta, har su zama masa jiki.

Ta farko: ina nake? A NVDA da JAWS duka, wato manhajojin da ke karanta allon kwamfuta da murya, Insert+T na faɗin sunan tagar da ake ciki, Insert+Tab na maimaita abin da ake tsaye a kai. Yawancin rikicewa bayan ofdet daga nan take: wata taga ta buɗe tana tallar sabon abu, ɗalibi na ta danne-danne yana zaton yana cikin Word. Matambayi ba ya ɓata, in dai ya yi tambayar kafin ya danna.

Ta biyu: ɗakuna nawa ne a gidan nan? A manhajojin Windows, F6 na tsallakawa daga sashe zuwa sashe, Shift+F6 na komowa. A koya wa ɗalibi ya zagaya da F6 har ya dawo inda ya fara, yana faɗin sunan kowane sashe da baki. A ribon, Alt ne ƙofa, kibiyar dama da hagu na bin shafukansa, kibiyar ƙasa na shiga ciki, Ctrl da kibiyar dama na tsallake rukuni guda. In abin ya ɓuya, Alt+Q na kai wa ga gurbin nema, a rubuta sunan umarnin.

A shafin intanet kuwa haruffa ne ke aiki: H na bin kanun shafi, 1 zuwa 6 na bin su bisa girma, B maɓallai, E gurbin rubutu, T teburi. Manyan sassan shafi D ne a NVDA, R a JAWS, kuma nan ɗaliban da ke amfani da duka biyun ke yawan cakuɗawa. Insert+F7 a NVDA na kawo jerin mahaɗai da kanu da maɓallai a akwati ɗaya. JAWS ya rarraba nasa: Insert+F7 mahaɗai, Insert+F6 kanu, Insert+F5 guraben cikewa. Mai gyaran shafi zai iya ɗauke maɓallin "shiga" daga sama ya kai ƙasa, amma da wuya ya sauya masa suna, don haka neman kalma da Insert+Ctrl+F a NVDA yakan gano shi cikin daƙiƙa.

Ta uku ita ce ta fi cin lokaci, kuma ita masu takardar matakai suka fi tsallakewa: wa ke karɓar dannawata, manhajar karatu ko shafin? Manhajojin yanzu da yawa shafin intanet ne aka sa wa rigar manhaja, irin sabon Outlook. Gmail ma ya rufe sassauƙar fuskarsa ta HTML a farkon 2024, wadda masu larurar gani da yawa suka dogara da ita shekara da shekaru. A irin waɗannan, NVDA na da yanayi biyu. A yanayin karatu, in aka danna K zai tsallaka zuwa mahaɗi na gaba. A yanayin rubutu, K ɗin nan tana wucewa ga Gmail, shi kuma ya ɗauke ta a matsayin "koma saƙon da ya fi sabunta", in an kunna gajerun madannansa a saituna. Madanni ɗaya, aiki biyu. Ana sauya yanayin da Insert+Space a NVDA, a JAWS kuma Insert+Z na kashe ko kunna nasa yanayin karatun. A NVDA kowane sauyi na da ƙararsa. A ware darasi guda cur, ɗalibi ya yi ta sauyawa yana faɗin yanayin da yake ciki daga ƙarar kawai. Wanda bai kama wannan ba, duk shafin da aka sabunta zai ce miki "kibod ɗin ya lalace".

Wani ɗan abu da ake mantawa: laftof ɗin hannu da ake saye a kasuwa da yawa ba su da madannan lamba na gefe, wasu ma Insert ɗin a haɗe yake da wani madanni. A mayar da NVDA tsarin laftof, a sa Caps Lock ya tsaya a madadin Insert, tun kafin darasi. Insert+1 kuma na kunna yanayin gwaji, inda duk abin da aka danna za a faɗi aikinsa ba tare da an aikata ba.

Sanin gari ma yana da inda yake tuntuɓe. Na ɗaya, jinkiri. Ma'aikaciyar da ke shigar da bayanai a ofis ba za ta tsaya bincike kullum ba, tana bukatar hanyar da hannu zai bi ba tunani. Na biyu, gajiyar kunne: sauraron allon da ba a sani ba na minti ashirin ya fi awa guda na aikin da aka saba nauyi, shi ya sa muke rage saurin murya kaɗan a ranar bincike. Na uku shi ne mafi ciwo. Wani lokacin sabuwar fuskar ce ba ta da kyau, mai ginin bai sa wa maɓalli suna ba, manhajar karatu ta ce "button" ta yi shiru. Ba dabarar da za ta ƙirƙiro sunan da babu. Ana iya gwada Insert+R a NVDA ya karanto rubutun da ke jikin hoton allo, wani lokaci a dace. In ba a dace ba, a gaya wa ɗalibi ƙarara cewa laifin manhajar ne. Ɗalibin da ba a gaya wa haka ba kansa yake zargi, daga nan kuma sai ya daina zuwa.

A waya bambancin ya fi fitowa fili. A 2024 WhatsApp na Android ya sauko da shafukansa na hira da kira daga saman allo zuwa ƙasa, bayan tun 2023 an sauya wa Status suna zuwa Updates. Mai hadda da TalkBack, manhajar karanta allo ta Android, wanda aka koya wa "shafa dama sau uku ka ƙwanƙwasa biyu", ya tsinci kansa cikin hirar wani. Mai sanin gari kuwa yatsa ɗaya yake ɗorawa ya bi gefunan allo huɗu a hankali, sama, ƙasa, sai kusurwoyi, domin nan ake ajiye maɓallan da suka fi muhimmanci. Cikin minti ɗaya ya ji "Chats" a ƙasa ta hagu. TalkBack kansa ya sauya a 2021, da aka haɗe menu ɗinsa biyu suka zama ɗaya aka kuma ƙaro motsin yatsu uku, don haka duk takardar darasin da ta girmi wannan shekara a duba ta da kyau. TalkBack na bari a raɗa wa maɓalli marar suna suna daga menu ɗinsa, sai dai sunan na iya ɓacewa in manhajar ta sake ofdet.

Wasu za su ce a huta, a hana ofdet ɗin kawai. Windows na bari a dakatar har sati biyar, Play Store ma ana kashe masa sabuntawa da kansa a saituna. Wannan sayen lokaci ne, kuma yana da amfani a tsakiyar zango ko dab da jarrabawa. Amma shafin intanet ba ya neman izinin kowa kafin ya sauya, manhajar banki kuma takan ƙi buɗewa sai an sabunta ta.

Da mu ne a ajinki, ga yadda za mu raba darasin minti arba'in da biyar. Kwamfuta ɗaya a bar ta tana karɓar ofdet kafin saura, ke ki fara shiga, allo a kashe ko a rufe, linzami a ture gefe, domin malami mai gani yakan ce "ga shi can sama ta dama" bai san ya faɗa ba. Minti goma na farko ɗalibai su zagaya sabuwar fuskar ba tare da an ba su wani aiki ba, kowa ya faɗi sassa nawa ya ji da sunayensu. Minti ashirin da biyar aiki ɗaya tak da suka riga suka iya a tsohuwar, kamar sauya sunan fayil a tura shi cikin filasha. In ɗalibi ya maƙale kada a karɓi kibod ɗin, a tambaye shi me ta ce masa na ƙarshe. In kina son ganin abin da yake ji ba tare da an cire masa abin kunne ba, NVDA na da taga mai nuna maganarsa a rubuce, tana cikin Tools.

Minti goman ƙarshe ɗalibi ya rubuta matakansa da kansa, da burel ko ya naɗa a murya. Sharaɗi ɗaya ne: ba lamba a gaban Tab. Maimakon "Tab sau huɗu", ya rubuta "Tab har ka ji Send, ka bari ta gama faɗa, sai Enter". Tsoffin takardunki ma ba sai kin yar ba, ki bi su layi-layi da wannan gyaran, inda kuma akwai gajeren madanni ki sa shi a madadin matakan gaba ɗaya.