Kofolima miƙaƙƙe da mai rassa: yadda kowanne ke kwanciya a kan ruwa

Ɗan'uwanmu mai karatun sinadarai a Akoka da ke Legas ya tambaya: in an ɗiga kofolima (doguwar ƙwayar sinadari da aka haɗa daga sassa iri biyu) a kwamin Langmuir (kwamin ruwa mai shinge, inda ake matse abin da ya shimfiɗu a saman ruwan), me ya bambanta miƙaƙƙe da mai rassa? To malam, mu ɗauki PS-PEO, wato kofolimar da ta haɗa polystyrene (PS) da polyethylene oxide (PEO).

Kowannensu gefe biyu gare shi: PEO mai son ruwa, PS mai gudunsa. Miƙaƙƙen igiya ce sakakkiya. PS na ƙwayoyi masu yawa kan dunƙule wuri guda, PEO ya shimfiɗu kewaye da shi kamar tabarma. PEO ya yi yawa, ka ga ɗigo-ɗigo. Ya ragu, ka ga zare-zare kamar taliya. Ya ragu ƙwarai, sai manyan faci.

Mai rassa kuwa duk hannayensa a ɗaure suke a cibiya ɗaya, ba ya samun wannan sakewar. In rassan sun yi yawa, ƙwaya ɗaya tal kan zama tsibirin kanta, ba sai ta nemi abokai ba. Da ka matsa shingen kwamin, a duka biyun za ka ga layin da ke nuna matsin saman ruwa ya ɗan kwanta wajen 10 mN/m (ma'aunin wannan matsin), lokacin da PEO ke nutsewa cikin ruwa. Rassan PEO gajeru ne? Kwanciyar ta taƙaita, ko ta ɓace.

Inda aka fi zamewa shi ne nauyin ƙwaya. GPC, na'urar da ke ƙiyasta nauyin ƙwaya daga girmanta, da aka daidaita da miƙaƙƙen PS yakan rage wa mai rassa nauyi, domin a dunƙule yake. Ka sa wannan adadin a lissafi, filin da ka ce kowace ƙwaya ta ci ya fito ƙarami, kwatancen ya rushe. Auna nauyin da warwatsuwar haske (light scattering).

Aikin kansa iri ɗaya ne. Narka kimanin miligiram 1 a mililita 1 na kulorofom, ka ɗiga da ƙaramin sirinji a wurare daban-daban kan tataccen ruwa mai tsarkin 18.2 MΩ·cm, ka jira minti 15 zuwa 20. Zafin Legas na da nasa aikin: kulorofom na tafasa a digiri 61, kwalba ta zauna a buɗe, maganin ya yi kauri ba ka sani ba. Janareta kuma, in yana kusa da bango, farantin Wilhelmy, wanda ke auna matsin saman ruwa, rawa zai yi ta yi. Kafin ka ɗiga komai, matsa shingen kan ruwa zalla. Awon matsi ya motsa, akwai datti, sake wanke kwamin.