Tikitin Araha Ko Wanda Ya Haɗa Komai: Amsa Ga Tambayar Hajiya

Hajiya, kin ce za ki tashi daga Legas zuwa Abuja tare da mahaifiyarki da yara biyu, kin ga tikiti iri biyu, ɗaya mai rahusa ɗaya mai ɗan tsada, kuma kina so ki san ko kuɗin zaɓen kujera da ake nema a kan mai rahusar wajibi ne. Ba wajibi ba ne. Duk wanda ya sayi tikiti yana da kujera, abin da ake sayar miki shi ne damar ki zaɓi inda za ki zauna. Idan ba ki biya ba, kwamfuta ce za ta raba muku wurare lokacin tantance fasinjoji, ta yiwu ku faɗa wuri ɗaya, ta yiwu ta warwatsa ku.

Bambancin tikitin biyu ya samo asali ne daga tsarin kamfanonin araha irin su Ryanair na ƙasar Ailan da easyJet na Ingila, waɗanda suke rage kuɗin tafiyar kanta domin farashinsu ya zo kan gaba, sa'an nan su sa wa kujera da kaya da abinci da canjin rana kuɗi daban-daban. A nan gida, Green Africa, wanda ya fara jigila daga Legas a 2021, a kan wannan tsari ya taso. Lamarin bai bambanta da tashar mota ba, inda kuɗin mota daban yake da kuɗin kaya, sai dai a filin jirgi babu ciniki. Tikiti mai ɗan tsada kuwa yakan zo da awon kaya a ciki, sau da yawa da sauƙin canza rana.

A ganina, a tafiyar da ba ta wuce sa'a ɗaya da ɗan abin da ba a rasa ba, babban mutum mai tafiya shi kaɗai ba shi da dalilin sayen kujera. Ke kuwa lissafinki dabam ne, domin tsohuwa tana bukatar wanda zai taimaka mata ta ɗaura bel ta kuma tashi, yara kuma ba a son su zauna cikin baƙi. Ma'aikatan jirgi kan yi ƙoƙarin haɗa uwa da ƙaramin yaro, amma idan jirgi ya cika, sai dai a roƙi wani fasinja ya sauya, wanda ya biya kuɗin tagarsa kuwa yana iya ƙi. Ki kuma duba irin jirgin kafin ki biya. ATR 72 mai farfela kujeru bibbiyu ne a kowane gefe, babu ta tsakiya, kuma ta ƙofar baya fasinjoji suke hawa da sauka, saboda haka layin baya ne ya fi wa Mama sauƙi. A Boeing 737 kujeru uku-uku ne, na gaba ne suka fi kusa da ƙofa. Kada ki sayi layin ƙofar gaggawa don faɗin wurin miƙe ƙafa, domin ba a zaunar da yara ko marasa ƙarfi a wurin.

Inda kuɗi yake zurarewa da gaske shi ne kaya. Tikiti mafi rahusa yakan tsaya a jakar hannu, wadda galibi ba a yarda ta wuce kilo 7 ba, kuma mu da ba mu iya zuwa gida babu tsaraba, da wuya mutum huɗu su ƙare a nan. Kilon da aka saya ta intanet tun lokacin yankar tikiti ya fi wanda ake saya a kantar filin jirgi sauƙi, don haka ki auna akwatunanki a gida, kada sai kin isa filin jirgin Ikeja ki shiga kwashe atamfofi a gaban sikeli jama'a suna jira. Masu zuwa Turai su ƙara kula, domin Ryanair yakan caji har Yuro 55 ga wanda bai yi tantancewarsa ta intanet ba. Ko Southwest na Amurka, wanda ya shafe fiye da shekara 50 fasinja na zama inda ya ga dama, ya fara karɓar kuɗin kaya a 2025, ya kuma koma raba kujeru.

Ki buɗe tikitin biyu, ki bi kowanne har shafin biyan kuɗi, ki ƙara wa mai rahusar kujeru huɗu da kilon da kika auna, sa'an nan ki kwatanta jimillar. Idan ratar ta zama kaɗan, ko kuma akwai yiwuwar jikin Mama ya sa a ɗaga tafiyar, ki ɗauki wanda ya haɗa komai.