Gargaɗi ga masu mota a Kumasi: ku yi hattara da masu musanyen injekta

Assalamu alaikum 'yan'uwa direbobi da masu motoci na Aboabo, Asawase, Sawaba, Tafo da kewaye. Mu makanikai ne masu aikin injekta (abin da ke fesa mai cikin inji) da famfon mai a Suame Magazine. Akwai wata damfara da ke cin kuɗin jama'a, tana kashe injuna masu lafiya, tana kuma ɓata sunan masu sana'a na gaskiya, waɗanda su ne suka fi yawa a Magazin. Shi ya sa muka ga wajibi ne mu yi bayani.

Ga yadda take tafiya. Motarka ta fara rawa da safe, ko tana jinkirin tashi, fitilar inji ta kama. Kafin ka isa wurin mastanka, ɗan kamasho ya tare ka ya ce akwai gwani mai kwamfuta. Gwanin ya jona ƙaramar na'ura, ya nuna maka lamba kamar P0300 ko P0302, ya girgiza kai ya ce, "Alhaji, injektocinka duka huɗu sun mutu." Nan take kuma yana da ɗan'uwa mai sababbi a kwali, ko hom-yus, wato na hannu, da aka sauke daga Jamus, a rabin kuɗin kasuwa. Ka tura kafin alƙalami ta MoMo, ya kwance naka ya tafi da su "a gwada". Abin da zai dawo da shi ɗayan uku ne: ko naka ne aka wanke aka sa a leda ya sayar maka da kayanka, ko na wata motar ne da suka gaji, ko jabu, shi kuma ya riƙe naka na asali ya sayar wa na gaba. Ya goge lambar daga kwamfutar mota, fitila ta mutu, ka biya ciko. Bayan kwanaki rawa ta dawo, layinsa kuwa a kashe.

Ribar tana cikin irin injin. Tsohon injin fetur yana fesa mai a bayan bawul da matsi na bar 3 zuwa 4 kawai (bar shi ne ma'aunin matsi). Injin da ke fesa mai kai tsaye cikin silinda, wato GDI na Hyundai da Kia irin su Sonata, Tucson da Sportage, EcoBoost na Ford, TSI na Volkswagen, da Honda Accord mai inji lita 2.4 daga 2013, yana aiki da matsin da ke kai bar 150 zuwa 200, sababbin ma har 350. Na dizal mai kwaman-rel, wato mai bututu ɗaya (rel) da ke raba wa injektoci mai, irin Sprinter da muke turoturo da ita da Hilux mai inji 1KD ko 2KD, yana kai bar 1,600 zuwa sama. Injektan da ke jure wannan matsi kaya ne mai tsada. Sabo na asali na dizal guda ɗaya yakan haura dalar Amurka 200, farashinsa a sidi kuma yana bin dala. Don haka injektocin da ke cikin motarka dukiya ce, ko da sun tsufa, kuma su ake farauta.

Lambar P0300 ba ta ce injekta ya mutu ba. Cewa ta yi wuta tana tsallake a silinda, P0302 kuma ta ce a silinda ta biyu ne. A motar fetur, fulogi da kwail sun fi injekta yawan jawo wannan, nesa ba kusa ba. Gwajin ba ya cin ko sisi: a ɗauke kwail na silinda ta biyu a mayar ta uku, a tada mota. In lambar ta koma P0303, kwail ne. In ba ta motsa ba, a musanya fulogi, sannan a auna kwamfureshan. Akwai kuma ciwon da ya keɓanta da GDI: tunda mai ba ya bi ta bayan bawul ɗin shigar iska ya wanke shi, baƙin dauɗa yana taruwa a wurin har ya hana iska wucewa. Alamarsa rawa da safe da rashin ƙarfi, daidai da na injekta. Maganinsa a cire manifol a kankare, kuma ruwan wanke injekta da ake zubawa a tanki ba ya kaiwa can. Idan P0087 ce ta fito, matsin mai ne ya yi ƙasa, sai a fara da filta, famfon cikin tanki, da babban famfon da kamshaf ke turawa. Injektoci huɗu su mutu rana ɗaya abu ne mai wuya, sai in ruwa ko gurɓataccen mai ya shiga, ko famfo ya farfashe. Wanda ya yanke hukunci a kan huɗu cikin minti biyar bai gwada komai ba.

A dizal, gwajin farko shi ne na man da ke komawa tanki. Ana cire tiyon ritan, a jona wa kowane injekta kwalba mai awo, a bar inji yana aiki. Wanda ya cika kwalbarsa fiye da sauran sosai, shi ne bawul ɗin cikinsa ya ci. Na'ura mai kyau kuma tana nuna yawan gyaran man da kwamfutar mota ke yi wa kowace silinda. Da waɗannan biyu ake gane mai laifi tun ba a kwance komai ba. Gwajin ƙarshe a kan benci ake yinsa, inda ake auna feshi a matsi daban-daban, a ba ka sakamako a takarda.

Wani wasan da suke yi a gabanka: su jona injekta da batir, ya yi ƙas-ƙas, su fesa fetur ta ciki su ce ka gani da idonka. Wannan bai nuna komai ba, don ba a matsin aikinsa ya fesa ba. Kuma injektan GDI da na dizal ba a yi su don a ɗora musu wutar batir kai tsaye ba, kwamfutar mota ce ke ba su wuta ta ɗan ƙiftawar ido, riƙe su a batir yana iya ƙona wayar ciki. Haka goge bakin nozul da burushin ƙarfe. Ramukan feshin ƙanana ne ƙwarai, ba su kai rabin milimita ba, burushi yana lalata bakinsu, feshi ya karkace.

In an kawo maka kaya, ka duba da kanka. Lambar kaya da ke jikin injekta ta zama daidai da ta naka harafi da harafi, kama a ido ba ta wadatar ba. Duba goron nozul da zaren da bututu ke shiga: sabo ba ya da tabon sifana. Jiki mai dishi-dishi kamar an buga masa yashi, ko rubutun da aka kankare aka sake bugawa, alamar tsoho ne da aka yi wa wanka. Babbar shaida a dizal ita ce lambar saiti. Kamfani yana gwada kowane injekta ya buga masa tasa: Bosch haruffa 6 ko 7, Delphi 16 ko 20, Denso na Hilux 30. In ka ga huɗu da lambar saiti iri ɗaya sak, ka ajiye su, ba daga benci suka fito ba. Wannan lamba kuma dole a shigar da ita cikin kwamfutar mota, kowace a silindarta. Ɗan damfara ba ya yi, shi ya sa mota ke ƙwanƙwasa da hayaƙi bayan an ce an sa sabo. Ba mu ce duk hom-yus ko wanda aka sabunta ba shi da kyau ba. Akwai masu kyau, amma a sayar da shi da sunansa, a farashinsa, da takardar gwaji.

Ɓarnar ba ta tsaya a kuɗin da ka biya ba, kuma wannan ne ya fi damun mu. Injektan da ke ɗiga yana wanke man da ke jikin silinda, fetur ko dizal ya gangara cikin man inji ya tsinka shi, metal, wato beyarin na cikin inji, su fara ci. In ya zuba da yawa cikin dare, da safe ka murza makulli fistin ya daki man da ya taru, kwanrod, wato ƙarfen da ke riƙe fistin, ya lanƙwashe. A dizal, feshin da ya karkace yana iya huda kan fistin. Sannan ga ƙananan kayan da suke mayar da tsofaffi don su ci kuɗin. Injektan GDI yana da zoben teflon a bakinsa, sau ɗaya ake amfani da shi, kuma da kayan aiki na musamman ake sa shi. Na dizal yana zaune a kan washa ta jan ƙarfe, ita ma sau ɗaya ce, a goge mazauninta tas kafin a sa. A Sprinter har kusar da ke danne injekta sabuwa ake sawa. In washa ta yi yoyo, za ka ji fis-fis da warin hayaƙi, baƙin abu kamar kwalta ya taru ya kame injekta har cire shi ya zama aikin yini. A Hilux hayaƙin yana shiga man inji, dauɗa ta toshe rariyar famfon man inji a cikin sam, wato kaskon man inji, inji ya kame. Washar da ba ta kai kuɗin cin abincin rana ba ta jawo sayen inji.

Lissafin gyara na gaskiya yana zuwa dalla-dalla: kuɗin gwaji, injektan da ya faɗi gwaji, zobba da washa, filta, shigar da lamba, kuɗin hannu, da canjin man inji in mai ya gauraya da shi. A wasu motocin fetur sai an cire manifol kafin a kai ga injekta, kuma kamfani ya ce a sa sabon bututun matsi. Idan an ga ɓurɓushin ƙarfe mai ƙyalli a filta, famfo ne ke cin kansa, dole a wanke tanki da rel da bututai, in ba haka ba sababbin injektocin ma za su bi tsofaffin. Tun 2017 Ghana ta rage sinadarin sulfa a man da ake shigowa da shi zuwa 50 ppm, wannan ya taimaki injunan zamani, amma bai hana ruwa da ƙasa shiga ta man galan da tsohon tanki ba. Filta ta asali a kan lokaci ta fi kowane ruwan wanki.

Don Allah, kafin kowa ya sa sifana a motarka, ka ɗauki hoton lambobin kowane injekta da wayarka. Da an cire, a sa musu alamar silinda, 1 zuwa 4, a gabanka. In za a kai benci, ka bi su, ko ka tura yaronka ko mate ɗinka. Kada ka tura kuɗi ga lambar MoMo da sunanta bai dace da mai shago ba, kuma kada ka sayi injekta a hannun wanda ba shi da shagon da za ka koma gobe. A rubuta maka rasit mai lambar kaya da kwanakin garanti, tsofaffin kuma a ba ka abinka, sai in kun yi ciniki a fili cewa an rage maka kuɗi a madadinsu. Wanda abin ya riga ya same shi ya adana saƙon MoMo da hotunan, ya kai ƙara wurin 'yan sanda, ya kuma sanar da shugabannin ƙungiyar gareji na yankin da abin ya faru, don sun san masu shago na gaskiya da 'yan yawo.

In kana zargin yoyo a bututun matsi, kada ka shafa da hannu inji yana aiki. Dizal a wannan matsi yana huda fata ya shiga nama, kuma raunin asibiti ne na gaggawa ko da ramin bai fi tsinin allura ba.