Shekara uku da Peugeot 406 mai silinda shida: abin da na gani a hanya da gareji

Mahaifina ya yi shekaru masu yawa yana hawan Peugeot 504 guda ɗaya, irin wadda ake haɗawa a Kakuri cikin Kaduna tun daga 1975, kuma a kujerar bayanta na fara sanin ƙamshin fetur da yadda ƙarar inji take sauyawa idan direba ya sauko da giya a kan hawa. Saboda haka da na tara ɗan abin da ya sawwaƙa a farkon 2022 na ce Fijo zan saya, babu wanda ya yi mamaki a gidanmu. Mamakin ya zo ne da suka ji cewa 406 mai silinda shida na ɗauko, ƙirar 2002 mai giyar hannu, a daidai lokacin da sa'o'ina ke neman ƙananan motoci masu sauƙin shan mai. Yayana ya zagaya ta sau biyu, ya ɗaga bonet ya leƙa, sannan ya ce na sayo wa kaina abokiyar cin tuwo, domin duk abin da na samu daga ranar sai mun raba da ita. Bai yi ƙarya ba, amma shekara uku ke nan ban sayar da ita ba, kuma dalilin hakan nake so in bayyana.

Injin da ke cikinta shi ne wanda makanikai ke kira ES9J4S, mai girman kusan lita uku (sisi 2,946), da bawul 24, da ƙarfin doki 207. Wanda ya gabace shi a ƙirar farko yana da doki 194. Yawancin 406 da ake gani a titunan Kaduna da Kano masu silinda huɗu ne, kuma mai lita biyu a cikinsu dokinsa bai wuce 130 da 'yan kai ba, don haka tazarar ba ƙarama ba ce. Sai dai ni abin da ya fi burge ni shi ne yadda ƙarfin yake zuwa. Ko motar tana tafe a giya ta huɗu da gudun kilomita 60, idan aka taka totur sai ta miƙe a hankali ba tare da fizga ko tari ba, ƙarar tana fitowa daga ƙasa kamar gurnani, tana ƙara kauri har allurar juyin inji ta haura 4,000, inda muryar take buɗewa gaba ɗaya. Wanda ya saba da ƙaramin inji yakan saba da roƙon mota kafin ta ba shi abin da yake so. Wannan tun kafin a gama roƙo ta bayar.

Inda na tabbatar da hakan shi ne Hawan Kibo, a hanyar da ta taso daga Akwanga zuwa Jos. Duk direban da ya san wurin ya san cewa hawa ne mai tsawo da kwanoni, kuma sau da yawa akan tarar da tirela maƙare da kaya tana jan ciki, motoci sun yi jerin gwano a bayanta kowa yana leƙe. Ranar ina ɗauke da mutum huɗu da kaya cike da but, na bi bayan wata tankar mai na kusan minti goma ina shan hayaƙinta, har hanya ta ɗan miƙe na hango babu mai tahowa. Na sauko giya ta uku, na ba da sigina, na taka. Kafin kawuna da ke zaune a gaba ya ƙarasa salatin da ya fara, mun riga mun koma hannunmu, tankar tana ƙanƙancewa a madubi. Amfanin ƙarfin inji a hanyoyinmu ke nan: yana rage daƙiƙun da mutum zai yi a hannun da ba nasa ba. A dawowa kuma, wajen gangarowa, na bar ta a giya ta uku inji yana riƙe ta, ina ɗan taɓa burki jefi-jefi, muka sauka ba tare da na ji warin burki ba, alhali mun wuce wata bas da aka faka a gefe tayoyinta na gaba suna hayaƙi.

Game da ƙure maleji, an ce irin wannan mota tana haura kilomita 230 a awa guda, amma ban taɓa gwadawa ba kuma ba ni da niyya. Dokar hukumar kiyaye haɗurra ta tsayar da ƙananan motoci a kan kilomita 100 a babbar hanya mai tagwaye, 80 a sauran manyan hanyoyi, 50 cikin gari, kuma wanda ya taɓa ganin saniya ta ɓullo daga daji a kusa da Kwanar Dangora ba ya bukatar a yi masa dogon bayani. Abin da zan iya faɗa shi ne, a gudun da doka ta yarda da shi motar tana tafe ne kamar ba ta fara aiki ba. Ƙorafina ɗaya a nan shi ne giya biyar kawai gare ta. A doguwar tafiya hannuna yakan kai kan sandar giya yana neman ta shida, sai in tuna babu.

Zaman motar a kan titi shi ne abin da masoya Fijo suka fi yin alfahari da shi, kuma a ganina suna da hujja. Ƙafafun baya kowace tana aiki da kanta ta hanyar sanduna da yawa, saboda haka idan taya ɗaya ta faɗa ƙaramin rami ba ta jan ɗayar, jikin motar kuma ba ya rawa. A kan gargada tana haɗiye jijjiga ta yadda mahaifiyata, wadda ke fama da ciwon baya, ta taɓa yin barci daga Zariya har muka shiga Kano. Duk da wannan laushi, idan aka shiga kwana ba ta kwanciya gefe guda kamar kwale-kwale, sitiyarin kuma yana da ɗan nauyin da ke sanar da hannu abin da tayoyin gaba suke ciki. Ba banza ba direban tsere Laurent Aïello ya ci gasar motocin Jamus ta 1997 da 406, kamar yadda 504 ta ci tseren Safari na Gabashin Afirka a 1975 a hannun Ove Andersson. Motar da ake sayarwa a kasuwa ba ita ake kai wa filin tsere ba, amma asali ba ya ɓuya.

Akwai abin da ya kamata mai sha'awa ya sani, shi ne cewa injin mai silinda shida yana da nauyi, kuma dukkan nauyin da ƙarfin a kan tayoyin gaba suke. Idan aka shiga matsattsiyar kwana da gudun da ya wuce kima, hancin motar yakan so ya zarce gaba maimakon ya juya, sai an sassauta totur take dawowa kan layinta. A kan jiƙaƙƙen titi kuwa, idan aka taka da ƙarfi daga tsaye, tayoyin gaba sukan yi ƙara su ɗan ja sitiyari. Tayoyin gaba suna cinyewa da wuri, shi ya sa nake musanya su da na baya lokaci-lokaci. Sannan motar ba ta da tsayi daga ƙasa. An yi ta ne domin kwalta, ni kuma layinmu ba shi da kwalta, don haka da damina nakan bi ramukan unguwarmu a karkace kamar mai tsallaka tabarmar surukai, kunnena yana sauraron kada tukunyar baƙin mai ta daki dutse.

Wahalar da na sha a watannin farko daga hannun mutane ta fito. Na lura allurar zafi ba ta tashi daga ƙasa ko an yi tafiyar awa guda, fankoki kuma suna juyawa da zarar an murɗa makulli, mai yana zurarewa kamar an huda tanki. Wani abokina ya kai ni wurin wani dattijon makanike da ya tsufa a kan Fijo. Ya saurari injin na ɗan lokaci hannunsa a kan tiyon lagireto, ya sa yaronsa ya kwance mazaunin tamostat, sai ga shi wayam babu komai a ciki, ruwan da ya zubo kuma ja ne jawur saboda tsatsa.

“Malam, wanda ya riƙe motar nan kafin kai ya zalunce ta,” in ji shi. “An cire mata abin da ke daidaita zafi, an haɗa fanka kai tsaye, ana ɗura mata ruwan famfo.”

Na ce, “To Baba, ai ni na ji ana cewa ƙasarmu da zafi, gara a cire shi.”

Ya yi murmushi ya ce inji yana da zafin da aka yi shi ya yi aiki a kai, idan bai kai wannan zafin ba, ƙwaƙwalwar motar za ta ɗauka har yanzu sanyin asuba ake ciki ta yi ta ƙara masa mai. Ya wanke lagireto, ya sa sabon tamostat da ruwan sanyaya inji na gaskiya, mai wayarin ya mayar da fankoki yadda suke tun asali. A ranar kuma ya matsa mini sai na canza taimin bel, wato bel ɗin da ke daidaita motsin bawul da na fistin, tare da famfon ruwa, tunda babu wanda ya san ranar da aka sa na ciki, kuma a irin wannan inji idan bel ɗin ya tsinke ana tafiya, fistin ne zai haɗu da bawul, aikin ya koma na sauke inji. Kuɗin ya yi mini zafi a lokacin, amma tun daga nan allurar zafi take tsayawa a tsakiya ko a cikin cunkoson Kawo da tsakar rana.

Gyaranta yana bukatar haƙuri. An kwantar da injin a gicciye, silinda uku a gaba uku a baya, kuma kafin a kai ga fulogogin baya sai an ɗaga bututun shigar iska gaba ɗaya, aikin da a ƙaramin inji minti goma ne a nan yakan ci rabin yini. Kowane fulogi yana da kwayil nasa, wato abin da ke ba shi wuta. Na taɓa yin arha na sayi guda biyu a wani shago, ba su yi wata ɗaya ba motar ta fara ɗingishi, dole aka sake buɗe wurin. Laifin nan nawa ne da na mai shagon. Kayan 406 mai silinda huɗu suna nan birjik a Panteka da Ƙofar Ruwa, amma na mai shida wani lokaci sai an aika Ladipo a Legas an jira kwanaki. Ɓangaren lantarki kuma ba na barin kowa ya taɓa shi sai mai na'urar bincike, domin akwatin da ke sarrafa lantarkin jikin motar, wanda ake kira BSI, ba ya son a riƙa yanke waya ana ɗaurawa bisa ƙiyasi.

Sai maganar mai, wadda ita ce hujjar yayana. Tankinta lita 70 yake ci. A lissafin da nake yi da kaina, lita ɗaya takan kai ni kilomita 11 zuwa 12 a doguwar hanya idan na tafi a natse, cikin gari kuwa da na'urar sanyi a kunne da ƙyar take kaiwa 7. Lokacin da na saye ta wannan bai dame ni ba. Bayan jawabin shugaban ƙasa na 29 ga Mayu 2023 da aka cire tallafin mai, litar da muke saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, daga baya ma ta ci gaba da hawa, sai tsarin hawana ya canza. Yanzu zirga-zirgar kasuwa da kai yara makaranta da ƙaramar motar maiɗakina ake yi, Fijo kuma tana lulluɓe har sai tafiyar Jos ko Kano ta taso.

Wanda yake neman motar zuwa aiki kullum cikin cunkoso, ko wanda ba shi da makaniken da ya san Fijo a kusa da shi, ba zan ba shi shawarar ya saye ta ba, mai silinda huɗu za ta ba shi yawancin wannan jin daɗin zama da rabin ɗawainiya. Amma wanda tuƙi kansa yake so, yana yawan doguwar tafiya, kuma zai iya canza baƙin mai da bel a kan lokaci ba tare da jiran sai wani abu ya yi ƙara ba, ya nemi mai giyar hannu, ya duba ko tamostat yana nan, ya tambayi ranar da aka canza taimin bel, sannan ya gwada ta a kan hawa kafin ya biya. Wani dillali ya taya tawa sau biyu a bana, na ce masa ya dawo bayan Babbar Sallah, alhali a makon nan ne ma na aika Legas a kawo mini sababbin shokazoba na gaba.