Harry Potter ko Akata Witch ga 'yar shekara 13? Ki fara da na biyun

Hajiya, tunda kuɗin littafi ɗaya kika ware wa 'yar taki mai shekara 13, ki saya mata Akata Witch. Duka biyun suna kantata, na san wanda yara ke warwaso a kai da wanda ƙura ta rufe.

Nnedi Okorafor ce ta rubuta shi, 'yar ƙabilar Ibo haifaffiyar Amurka, ya fito a 2011. Labarin Sunny ne, zabiya 'yar shekara 12 da aka haifa a New York, iyayenta suka dawo da ita Aba tana da shekara tara. A makaranta ana tsokanarta da fatarta, ana tsokanarta da harshenta, ga ta da son ƙwallo amma rana ba ta barinta. Sai ta gano tana cikin wasu mutane masu ɓoyayyar baiwa, ita da abokanta uku, Orlu da Chichi da Sasha. Da rana tana ajin boko kamar kowa, da dare ta sulale zuwa bukkar malaminsu Anatov, gari ya waye tana gyangyaɗi.

'Yar ƙanwata na ba aro lokacin dogon hutu, yarinyar da sai an yi da gaske take buɗe littafin da ba na jarrabawa ba. Ana cikin cin tuwon dare ta shigo da shi a hannu tana cewa, "Umma, har Dutsen Zuma suka je!" Ta sha wuce dutsen nan a mota a hanyar Abuja, ba ta taɓa zaton za ta gan shi a littafin Turanci ba. Daga ranar ba a sake jin ɗuriyarta ba sai da ta kai bango.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda aka tsara karatun nasu. A duniyar littafin kuɗi ba a nemansa da fatauci. Duk sa'ad da ɗalibi ya fahimci wani sabon abu da gaske, sai kuɗin su zubo daga sama a gabansa, kuma na jan ƙarfe ne mafi daraja, na zinare shi ne ƙarshe. Sannan abin da jama'a ke ɗauka nakasa, a nan baiwar mutum take. Orlu da karatu ke ba wuya, shi ne gwanin warware abin da wani ya ƙulla. Yarinyar da ake yi wa gori a aji za ta ga kanta a ciki ba sai an nuna mata ba.

Amma ki sani, sihirin littafin nan na kusa da gida ne. Akwai dodannin ƙasar Ibo, akwai wani mugu mai suna Black Hat da ke satar yara don tsafi, irin labarin da muke ji a rediyo mu yi ta addu'a. Mu da muka tashi da littattafan yaƙi masu cike da bokaye da aljanu ba zai girgiza mu ba, amma in yarinyar mai tsoro ce, ki riga ta karantawa, kuma ki zauna da ita ki bambance mata tatsuniya da aƙida. Ƙasa da shekara 12 ni ba zan ba shi ba.

Harry Potter kuwa, to, ba laifi. Ba a yi suna a banza ba, kuma na farkon, na 1997, yana da daɗi da sauƙi. Sai dai littafi bakwai ne, shekara bakwai a makarantar kwana ta Birtaniya, mujiya na kawo wasiƙa, ana ƙwallo a kan tsintsiya. Na biyar ɗin ya haura shafi 700. Ni na kwashi jerin gaba ɗaya, yaran gidanmu suka tsaya a na uku suka ce ai sun ga fim. In ta gama da Sunny tana neman ƙari, akwai Akata Warrior na 2017 da Akata Woman na 2022, bayan nan sai ki aro mata Harry Potter na farko ki ga kamun ludayinta.

Ba ki tambaya ba, amma ki yi hattara da masu sayarwa. Kamfanin ɗab'i na Cassava Republic da ke Abuja ya buga Akata Witch a Najeriya da sunan What Sunny Saw in the Flames. Littafi ɗaya ne, kada wani ya haɗa miki su biyu ya ce na ɗaya da na biyu ne. Haka Harry Potter na farko: Philosopher's Stone a Ingila, Sorcerer's Stone a Amurka, labari ɗaya. Wani kuma zai miƙo miki Cursed Child na 2016 ya ce shi ne na takwas, alhali rubutun wasan kwaikwayo ne na dandamali.

Bugun jabu ma ya cika gari, musamman waɗanda ake tallarsu a cunkoson motoci a naɗe da leda. Ki sa a yage ledar a gabanki. Ki buɗe tsakiya ki duba ko lambobin shafi na bin juna, ko rubutun ya dushe, ko na baya yana lekowa ta cikin takardar, sannan ki ɗan tanƙwara gadon bayansa ki ga ko gam zai saki. Mai shagon da ya ƙi a buɗe, ki bar masa kayansa. Masu talla a WhatsApp kuma ki sa su turo bidiyon littafin ana buɗe shi kafin ki tura ko sisi, don wasu PDF za su aiko miki su toshe lambarki.